Tarwaɗar da na kama sau biyu

Shekarar da aka fara faɗaɗa titin Abuja, wani ma'aikacin gwamnati, Oga Bitrus, ya kama haya kusa da mu a Tudun Ƙofa. Wata Asabar ya ce in raka shi fatsa, in riƙe masa koma, ragar kwaso kifi. Na ce wa maiɗakina kada ta sayi nama, yau mijinta masunci ne.

Ya kamo tarwaɗa mai kaurin cinyata. Na kwaso ta da koma, ya zare ƙugiya a hankali, ya ɗauki hoto, sai na ga ta sulale cikin kogi. Ni jarumi, na faɗa ruwa da babbar riga, littafin rubutuna na yaƙi da jahilci a aljihu, na sake kamo ta, na tsaya ina haki ina jiran yabo.

"Haba Malam, ai sakin ta na yi! Mu wasa muke, ba ma ci."

Ya mayar da ita a kan idona.

A gida maiɗakina ta ce, "Sannu, Sarkin Ruwa, in ɗora tukunya?" Har ajinmu na yaƙi da jahilci sunan ya bi ni, kuma bai sake ni ba.

Na rasa hula, takalmi ƙafa ɗaya, littafin rubutuna na wata huɗu, da tarwaɗa sau biyu.