Rasuwar Kyamarar Ramlatu a Hannun Bappa Gimba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Ramlatu Jumare ta Abakpa Nike, Enugu, na sanar da rasuwar kyamararta ta ɗaukar fim, wadda ta cika ranar Laraba da hantsi a bakin mayanka, a hannun ƙanen mahaifinta, Bappa Gimba dillalin shanu.

Marigayiyar ta shigo gidan a 1974, tsohuwar hannu. Ba ta taɓa neman batir ba. A murɗa mata wani irin na agogo a hankali, ta ce trrrrr na rabin minti, ta yi shiru. Ita ta koya wa Ramlatu abin da jami'a ba ta koya mata ba: inda mai ɗaukar fim ke tsayawa, da lokacin da rana ke gyara fuska, da lokacin da take ɓata ta. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da dattijo, ta bayan gilashin nan ta kalli kowa.

Wata huɗu suka yi a kan naɗin fim ɗaya tak, suna ɗaukar mutanenmu da suka dawo bayan yaƙin basasa suna sake buɗe rumfunansu. Fim ɗin ne gidan talabijin ya ce ta kawo ranar Litinin, a gani ko za a ɗauke ta koyon aiki.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Bappa ya ɗauki marigayiyar ba izini don a ɗauki shanunsa. Ya murɗa ta kamar mai tayar da gingimari, har ta ce ƙas. Sannan ya buɗe cikinta a cikin rana, ya zaro fim ɗin kamar hanjin rago yana neman hoton bijiminsa. Haske ya cinye komai. Da bai ga bijimi ba, ya ce dama kayan banza ne.

Ta bar sanda mai ƙafa uku, da jakar fata, da marainiya ɗaya.

Ba a buƙatar masu zuwa cewa ai ƙarfe ne kawai.

Za a fita da gawar ranar Litinin da ƙarfe takwas, daga gida zuwa gidan talabijin. Bappa Gimba ne zai ɗauke ta, a ƙafa, kuma shi zai yi wa manaja bayani da bakinsa.