Kawu Darakta da Dalar Lemon Inna

"Kafin wata ya mutu, duk wanda ya ji ƙishi a garin nan sai ya ambaci sunana!"

Kawuna ne ya faɗi haka, tsaye a tsakiyar kicin ɗin Inna, ya ɗora ƙafa a kan kujerar da take zama. Abokina, da ka san mutumin da ka fara dariya tun yanzu. Ya taɓa kiwon kaji, kajin suka mutu. Ya taɓa sayar da agogo, ko ɗaya bai yarda da lokacin ɗan'uwansa ba. Amma in yana magana sai ka rantse shi ya koya wa ruwa gangara.

Inna, Allah ya jiƙanta, lemon citta da abarba take yi. Da asuba take dafawa, ta tace, ta ɗura a gorunan roba, ta bar wuyan gora ba ta cika ba, wai ita ma tana son numfashi. Mu jera su cikin kula mai ƙanƙara, ni da Yaya mu rarraba wa ƙananan shagunan unguwa, kafin la'asar ya ƙare. Da lemon nan ta ciyar da mu. Bayan ta tafi, ƙamshin citta ya ƙi barin kicin ɗin, har yau in na shiga sai na yi sallama a hankali. Abin da ta bar mana ke nan: tukunya, rariya, da masu shagon da suka yarda da hannunta.

Sai ga Kawu da kwat ɗin aro, hannun ya wuce yatsunsa.

"Daga yau ku ce Darakta," in ji shi. "'Yar'uwata ta yi ƙoƙari, amma tunaninta na kula ne. Ni tunanina na tirela ne."

"Kawu, masu shago suna jiran na gobe," in ji Yaya.

"Su sha ruwa! Mai shagon da ke sayar da ashana tsinke-tsinke, shi ne zai riƙe kamfani?"

Haka ya sallame su. Tsohuwar da ke da shago a bakin kwana, ƙawar Inna tun ba a haife mu ba, ta aiko har gida. Ya ce a gaya mata kamfani ya wuce ajinta.

Ya tasa babban kantin nan a gaba, mai ƙofar gilashi wadda ke buɗewa da kanta in ka matso. Kullum yana can. Ya gai da manaja a ofis, ya gai da shi a bakin mota, har ƙofar banɗaki ya taɓa tsare shi. Bawan Allah ya gaji, ya ce a kawo a gwada, amma da yawa.

Ran nan Kawu bai taka ƙasa ba. Sai dai tukunyarmu ɗaya ce, firji kuwa ƙarami. Darakta ya warware matsalar nan take: a dafa yau, a dafa gobe, a yi ta tarawa a ɗakin ajiya har ya isa.

"Kawu, zai yi tsami fa," in ji Yaya.

"Ƙara sukari. Kuma wannan wuyan da kuke bari fanko, rowa ce. A cika har baki, a murɗe murfi da ƙarfi. Manyan kamfanoni kun ga suna barin numfashi?"

Ka sani, ɗakin nan kwano ne a samansa. Kafin mako ya zagayo goruna sun yi tumbi, gindinsu ya kumbura, ba mai iya tsayuwa daidai. Kawu ya latsa ɗaya, ta ƙi lotsawa. Ya ce, "Kun ji inganci? Kamar dutse!"

A kantin, manaja ya nuna mana firji can ciki, kusa da madara. Kawu ya dube shi kamar an zage shi.

"A lungu? Ranka ya daɗe, kayana ba na ɓuya ba ne. Nan gaba, bakin gilashi, inda kowa zai gani."

"Nan rana ke bugawa. Kayanka na jure zafi?"

"Zafi? Mu da muka dafa shi a wuta?"

Da hannunsa ya jera su dala guda, mai faɗi a ƙasa mai tsini a sama, har sai da ya hau kwali ya ɗora ta ƙarshe. Rana ta shigo ta gilashi ta rungume su. Gaskiya sun yi kyau, ruwan zinariya, irin kalar da Inna ke ɗagawa ta duba a hasken taga. Na kawar da kai.

Kawu ya gyara kwat, ya tare wata mata mai tura keken sayayya. "Hajiya, ɗanɗana ki ba da labari." Ya zaro gora, daga ƙasan dalar kuma, don ta fi kusa da hannunsa. Ya murɗe.

Fuuu! Murfin ya tafi neman fitila. Lemon ya bi ta hancin Darakta ya fito da hularsa. Dala ta rushe, kowace gora ta faɗi sai ta fashe da nata baƙin cikin. Tau! Tau! Mai gadi ya kwanta a ƙasa yana salati. Mai karɓar kuɗi ta shige ƙarƙashin tebur. Ƙofar gilashi ta rikice, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe. Kawu na tsakiya yana ihu, "Ku kwantar da hankali, gas ne na zamani!" Santsi ya kwashe shi.

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya ce mu yara mu tafi gida. Ya miƙa wa Darakta bokiti da tsumma.

Da yamma Yaya ta bi masu shagon ɗaya bayan ɗaya, ta tara su a ƙofar gida tana ba su haƙuri, idonta jawur. Sun fara saukowa ke nan sai ga Kawu, ya yi wanka a wani wuri, ƙudaje dai ba su yarda ba, suna biye da shi.

"A'a, ƙananan 'yan kasuwa! Kun makara. Kaya sun tashi tas! Ko gora ɗaya ba ta kai azahar ba. Mutane har kwanciya suke a ƙasa!"

Tsohuwar bakin kwana ta miƙe tana kaɗe zani. "To 'yar nan, tunda manya sun karɓe ku, mu me za mu jira?"

Yaya ta buɗe baki, kuka ya riga magana. Daidai nan babur ya tsaya. Mai gadin kantin ne, rigarsa har yanzu da ɗanƙo.

"Ina Darakta? Manaja ya ce ka gudu ba ka gama ba. Ƙasa ta yi, saura silin."

Ƙofar gida ta ɗauka da dariya. Tsohuwar ta koma ta zauna tana share hawayen dariya, ta ce wa Yaya gobe a kawo mata nata, a kula, yadda aka saba.

Kawu ya gyara wuyan riga. "Taron gaggawa ne na shugabanni, ba za ku gane ba."

"Haka ne," in ji mai gadi. "Ya ce in za ka zo taron ka taho da tsani, namu bai kai ba."