Rasuwar Lamba Arba'in da Bakwai, Wadda Ba Ta Taɓa Taka Fili Ba

Da zuciya mai nauyi, cike taf da baƙin ciki, Misis Verna Pennebaker ta gidan ƙarshe a hanyar filin tsere take sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa komawa gida ran Asabar da jar ƙasa a haƙoransa, rasuwar motar tsere Lamba Arba'in da Bakwai. Ta cika ranar Lahadi bayan an taso coci, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda aka haife ta, tana da shekara bakwai a duniya. Cewa "a duniya" ɗin ma kara ce aka yi mata, don ko leƙo ta ba ta taɓa yi ba.

Marigayiyar ita ce auta a cikin motoci talatin da ɗaya da marigayi Orval Pennebaker ya ƙera da hannunsa. Wanda bai san Orval ba, to baƙo ne a garin nan. Shekara arba'in ya yi yana kewaya filin nan namu, kwana hagu, kwana hagu, har wuyansa ya karkace ya zauna a haka. Da likita ya ce huhunsa ba zai ƙara jure sanyin gareji ba, sai ya kwashe ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya ya sauka da su ƙarƙashin kicin, ya ce a nan zai yi ta ƙarshe, wadda za ta fi duka.

Kuma ta fi ɗin, a faɗi gaskiya. Ya auna ƙofar ƙasa, ya auna ta sama, duka biyun za ta wuce da ratar yatsa biyu. Abin da bai auna ba shi ne matakalar da ke tsakani, wadda take yin kwana a tsakiyarta. Ran da maza shida suka cire taya da inji suka ɗauki gangar jikin, ta hau taki bakwai ta cije. Clete Amundsen, amininsa mai walda, ya sharce gumi ya ce, "Orval, shekara arba'in kana gudun kwanar dama, yau ga ta ta biyo ka har gida."

"Ƙarya kake," in ji Orval. "Kullum na sauko hagu nake yi."

"To yanzu hawa muke yi, sarkin lissafi."

Bangon matakalar kuwa shi yake ɗauke da kicin da ɗakin kwana, ba mai taɓa shi. Haka aka mayar da ita aka sake ɗaura mata tayoyinta.

An shaidi marigayiya da kyawawan halaye. Ba a taɓa tsere mata ba. Ba ta taɓa kifewa ba, ba ta kai ɗan kowa asibiti ba, abin da ba za a iya faɗa a kan yayyenta talatin ba. Muryarta kuwa, wanda ya ji ya ji. Takan fara da "kir, kir, kir" kamar mai jin nauyin tashi, sai ta yi gyaran murya sau biyu, sannan "bururum!" har kofuna su kama rawa a kabad ɗin sama. In an kashe ta, sai ta daɗe tana "ƙis, ƙis" tana hucewa. Hayaƙinta yakan fita ta wani bututu da Orval ya zura ta taga, kuma shi ya ƙone wa Verna tumatir shekara bakwai a jere.

Orval bai cika shekara da gama ta ba ya kwanta. A gadon asibiti ya riƙo hannun matarsa ya roƙe ta abu biyu: kada ta bari motar ta wuce mako ba a tayar da ita ba, kada kuma ta bari a sa mata wutar yanka. Verna ta ce to. Me za ta ce wa mutumin da numfashi ke yi masa gardama? Wannan "to" ɗin ita ta ɗaure ta shekara shida. Duk Lahadi, da gwiwoyin da suka gaji, takan sauka taki goma sha huɗu, ta cusa kanta a kujerar da aka auna da jikin wani, ta danna maɓallin tayar da inji. 'Yarta Joyce ta gyara mata ɗaki a can garinsu mai ɗumi, har da labule. An haifa wa Verna tattaɓa-kunne, ya yi rarrafe, ya yi tafiya, duk a hoto take ganinsa. Mutum uku suka zo sayen gidan, suna leƙa ƙasa suka juya. "Mama, ƙarfe ne fa," Joyce takan ce a waya. "Na sani," Verna takan ce, "ai ni nake goge shi."

Ciwon ajali ya fara ne a bazarar nan, bayan ruwa ya shiga ɗakin har idon sawu. Ta kama tari, ta riƙa ɗigar baƙin mai, muryar ta dushe. Clete ya duba ta sau biyu, ya ce shi fa ba Orval ba ne. Ranar Lahadin Verna ta danna, aka ji "kir", aka ji "ƙas", shi ke nan. Ta ƙara dannawa sau uku don kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Ta nemi a rubuta ƙarara cewa abin da ta fara ji daɗi ne, wani sanyi har cikin ƙashi, sannan kunya ta biyo baya, ta zauna a kujerar nan tana kuka har kofinta ya huce a sama.

Marigayiya ta bar yayye huɗu da suke raye, biyu a gonakin mutane kaji na ƙwai a cikinsu. Ta bar tayoyi huɗu da ba su san ƙasa ba, da hular kwano da ba a taɓa sawa ba, da Clete, da Verna.

Alkawari na farko ya faɗi da kansa, na biyu yana nan, don haka ba za a yanka ta ba. Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a binne ta inda take. Wani malamin makaranta ya yarda zai sayi gidan in dai an toshe wannan ɓangaren da bulo, kuma Clete da mazan coci za su yi ginin. Akwai kofi da kek ɗin tuffa. Kada a kawo furanni, mai cokalin gini ya zo da abinsa. Joyce za ta iso da mota da rana tsaka, akwatunan Verna suna bakin ƙofa tun Talata.

Verna za ta shiga ta zauna a kujerar kafin a fara jera bulo. Tana roƙon duk wanda ya halarta, in gini ya kai gwiwa, ya miƙa hannu ya fito da ita ko da ta ce a ƙara mata minti biyar. Ta ce za ta ce, kada a saurare ta.