Rasuwar Mai Gurnani, Janareta na Ƙarshe a Layinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gumin da ya ƙi tsayawa tun ranar Juma'a, ni Abdulmuminu mai zare da zif na layin teloli a Fagge, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar janaretanmu, wanda aka fi sani da Mai Gurnani. Ya cika da hantsin Juma'ar da ta gabata a bayan shagona, bayan doguwar jinya da ya sha a tsaye, yana bakin aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya zo hannuna shekara goma sha wani abu da suka wuce, daga shagon Nwabueze bakanike a Sabon Gari, wanda kuma shi ne likitansa har ƙarshen rayuwarsa. Ba sabo na saye shi ba, shi ma bai taɓa ɓoye hakan ba. Jan fentinsa ya koɗe, ƙafarsa ɗaya bulo ce. Amma duk wanda ya zauna da shi zai shaide shi da haƙuri. Ya sha man 'yan bumburutu mai ruwa-ruwa bai yi ƙorafi ba. In ka ja igiyarsa sai ya ce "tuf, tuf" kamar dattijo yana gyaran murya, in ka sake ja ya ɗauka, "gurrr", fanka ta fara juyawa. Bai taɓa kawo mini uzurin cewa babban layin wutar ƙasa ya faɗi ba, ko taransifoma ta ƙone. Wannan kuwa sai masu wutar gwamnati, waɗanda ke leƙo mu su gaisa a tsaye su wuce, wani lokaci kafin mutum ya lalubo cajarsa.

Babban aikinsa a duniya ba fanka ba ne. Matata Raudha tana da ciwon suga, kullum sai ta yi wa kanta allura, kuma maganin ba ya shiri da zafi. Likita ya gaya mana in kwalbar ta sha zafin Kano ƙarfinta tafiya yake, ba a kuma ganewa da ido, sai jikin mai ita ya faɗa. Ɗakinmu yana bayan shago, a ciki akwai ɗan firji, a cikin firjin akwai maganin Raudha. Marigayin ne ya riƙe wannan firji duk shekarun nan.

Ajalinsa ya fara kusantowa ne bara, ranar da kwamitin masu shaguna ya kira taro a rumfar shugabanmu, Alhaji Hamzat. Alhaji ya ce hayaƙi ya ishe mu, masu kawo shadda daga Kantin Kwari suna karɓar ɗinkinsu da warin fetur, kuma rabin telolin layin tari suke. Gaskiya ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba don ina cikin makoki. Ya ce a haɗa hannu a sa sola a rufin layin, kowa ya shiga dole, janareta kuma ya bar mana unguwa. Madam Uchechi mai ɗinkin kayan mata ta ce a fara matsa wa masu wuta su gyara tasu tukuna, aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Malam Sadisu, tsohon malamin kimiyya da ke sayar da huluna, ya miƙe ya ce duk wasan yara muke, ƙasashen da suka san ciwon kansu nukiliya suke ginawa, wuta dare da rana babu ruwanta da gajimare. Na tambaye shi ta wace waya za ta iso Fagge, ta wannan da ke faɗuwa in iska ta kaɗa? Ya ce ba ni da hangen nesa. Na ce hangena iyakarsa firji.

Sola ta yi rinjaye. Kowa ya sayar da janaretansa ya zuba kuɗin a asusun sola. Nawa kaɗai aka bari, saboda lalurar Raudha, kuma Alhaji da bakinsa ya nema mini wannan alfarma. Haka Mai Gurnani ya wayi gari shi kaɗai a layi, babu ɗan uwa ko ɗaya da zai amsa masa.

Ni ban ƙi sola ba, Allah shaida. Da bazara ta yi aiki har na fara jin kunyar gurnanin marigayin. Sai damina ta sauka. Hadari ya haɗu ya ƙi watsewa, batura suka riƙa ƙarewa kafin la'asar, wutar gwamnati kuma ta ɗauke ƙafa gaba ɗaya, an ce turken wuta ya faɗi a wani wuri da ba a faɗa mana ba.

Nan ne maƙwabta suka fara zuwa. Wanda ya san layinmu ya san yadda abin yake. Mutum zai zo ya gaishe ka, ya tambayi jikin mai ɗaki, ya yi addu'a, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam Abdu, ƙwai ɗaya kawai, don in ga bakin allura." Mutumin da ya zo sunan 'yarka, ya raka gawar mahaifinka har maƙabarta, da wane baki za ka hana shi ƙwan fitila ɗaya? Kuma a wurinmu in ka ba mutum waya, ba ka bin ta ka leƙa abin da ya jona. Yin haka zargi ne, zargi kuwa ya fi hani ciwo. Waya ta bi waya ta kan katanga, ta ƙarƙashin rumfa, har shagon da ban san mai shi ba sai a fuska. Ɗaya daga cikinsu, baƙa mai kauri, rumfar Alhaji Hamzat ta nufa. Na gani na kau da kai, shi ma ya ga na gani ya kau da nasa.

Marigayin ya ɗauki wannan kaya, sai dai muryarsa ta canja. "Gurrr" ɗin nan ya koma "gur, gur, gur", yana ja yana saki. Nwabueze ya zo ya duba shi, ya canja fulogi da baƙin mai, ya ce a rage masa nauyi. Na ce to. Na kwana biyu ina shirya yadda zan faɗa wa mutane, kalmar ta ƙi fitowa.

Ranar Juma'a kowa ya san halin teloli. Masu kaya suna tsaye a ƙofa suna jiran babbar riga su tafi masallaci, kuma ba a miƙa ɗinki ba guga. Kowa a shagonsa ya ce ai ɗan lokaci ne, ya zare ƙwan fitila ya jona dutsen guga, yana zaton shi kaɗai ya yi dabarar. Ina cikin auna wa wata mata leshi na ji marigayin ya yi ƙara irin wadda ban taɓa ji ba, ya ce "kaf, kaf", ya yi shiru. Na tarar da hayaƙi mai ƙauri yana fita ta gefensa. Na ja igiya har kafaɗata ta sage. Nwabueze ya buɗe shi da yamma, ya shinshina, ya mayar da murfi a hankali. Ya ce, "Malam Abdu, sai haƙuri. Koyil da inji duk sun tafi, ko na taɓa shi cutarka zan yi."

Ya rasu ya bar fanka biyu da suka tsaya cak, da rediyo, da wayoyi masu yawa da har yanzu ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Ya bar ɗan firji, wanda yanzu kabad ne kawai. Ya bar ni.

Masu ta'aziyya sun zo, Allah ya saka musu. Sai dai ko zama ba su gama yi ba suka ɗora daga inda aka tsaya bara. Alhaji ya ce matsalar batura ce, in an ƙaro manya shi ke nan, nan da ƙarshen shekara. Malam Sadisu ya ce da an ji maganarsa, nan da shekara ashirin an wuce wurin. Wani ya ce a rediyo an ce ana gyaran babban layi. Kowa yana da gaskiyarsa, kuma kowace gaskiya sai an jira ta. Madam Uchechi kuwa ta tafi Sabon Gari ta dawo da kula cike da ƙanƙara, muka naɗe maganin a tsumma muka sa a ciki. Tun ranar haka muke. Yau da safe Raudha ta ɗora kwalbar a kuncinta ta daɗe, ta ce, "Abban Zulfa, da sauran sanyi kaɗan." Ta yi allurar. Ni tsoro nake ji, ban kuma san ko magani ta sa a jikinta ba ko ruwa.

Za a ɗauki gawar marigayin a kura ranar Litinin da safe zuwa wurin 'yan gwangwan, inda za a ɗora shi a sikeli. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne. Zaman makoki a ƙofar shagona, babu abinci, babu muhawara. Na yafe wa kowa, dutsen guga da mai shi. Abin da iyalin marigayin ke roƙo ɗaya ne: duk wanda yake da firjin da ba ya mutuwa, a Fagge ko Kwaciri ko Sabon Gari, ya taimaka mana da wuri daidai tafin hannu. Kafin a samu, mai zuwa gaisuwa ya taho da ƙanƙara, kuma don Allah ya iso kafin azahar, don ta jiya ba ta kai la'asar ba.