Kaneshan Ɗin da Na Dasa a Watan Yuni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da wata mai shagon furanni ta tambaye ni ko albasa nake nomawa.

Gadi nake yi a wani dogon bene a West Bay, tsayuwa har ƙafa ta kumbura. Sai na ji kafil ɗinmu, wato mai kamfanin da ya kawo mu Doha, zai fara noman furen kaneshan a gonarsa ta bayan gari don sayar wa masu ƙawata ɗakin biki. Bakina da ba ya hutawa ya ce masa ai ni a gona na tashi (gaskiya ne, amma gonar dawa ce a Funtua). Ya danƙa mini rumfar leda guda mai fankoki. Na roƙa aka ciro Sabi'u, abokin ɗakina a Bin Omran, daga wankin motoci ya zama mataimakina. Matarsa na da tsohon ciki a gida, ya yi ta sa mini albarka.

Iri biyu aka nuna mini: mai ƙananan furanni da yawa a kara ɗaya, wanda aka ce ya fi jure zafi, da wani fari mai ƙaton kai, ɗan ƙasar sanyi. Na zaɓi ƙaton, don a garinmu da girman zangarniya ake sanin manomi. Lokacin dashe kuwa ban shawarci kowa ba. Yuni na kamawa jikina ya ce damina ta sauka. Kafil ya ce maƙwabtansa sai Oktoba suke dasawa.

Na ce, "Mudir," haka muke kiran maigida a can, "ai sai mu riga su kasuwa."

A Agusta iskar garin ta koma tururin tukunya, fankoki na juyawa a banza. Rabin dashen ya ruɓe daga gindi. Sauran suka tashi sirara, furensu bai wuce maɓallin riga ba.

A haka kafil ya zo da matar nan mai shagon furanni daga Al Gharrafa, wadda ta yi alkawarin saye duka. Ta sunkuya ta dubi ganyen, ta ce, "Albasa ce wannan?" Ba zolaya take yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na tsinko furen da ya fi kyau na miƙa mata da hannu biyu. Kan furen ya langaɓe, ya faɗi a kan takalminta.

Kafil bai ɗaga murya ba. "Khalas," kawai ya ce, wato shi ke nan, aka rufe rumfar.

Ni an mayar da ni gadi. Gurbin Sabi'u kuwa tuni an ba wani, sai aka sallame shi gida. Yana ɗaure jaka ya ce, "Ba komai, Yaya, haka Allah ya so." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na dai gane damina ba ta biyo ni cikin jirgi ba, kuma yanzu ko shayi aka ce in dafa sai na yi tambaya. Yaron Sabi'u an haife shi tun dashen yana kore shar. Sunana aka sa masa.