Hanyar Masu Ƙafa ta Tudun Kanya

A garin Tudun Kanya, kowace dabba ta san matsayinta daga girman sawunta. Masu manyan ƙafafu ke zama a majalisa, masu ƙanana kuwa suna tsayawa a rana suna saurare. Toron Giwa ne shugaba, ba don an taɓa zaɓensa ba, sai don ba a taɓa samun wanda ya iya ɗaga shi daga gindin kukar da ake taro ba. Ɓauna ke riƙe da harkar motoci, Kura ke riƙe da tsaro, Dila kuma shi ne magatakarda, mai rubuta abin da ya kamata a ce an faɗa.

Abin alfaharin garin shi ne Titin Manya. Shimfiɗaɗɗe ne, baƙi wuluk, ya ratsa gari ya raba shi biyu: gidajen talakawa a gabas, rafi da fadama da kasuwa a yamma. Manya a mota suke binsa, don haka ba su taɓa ganin aibinsa ba. Ƙanana kuwa dole su tsallaka shi safe da yamma, muddin suna son ruwa da abinci. Kullum akan tarar da ragowar wanda bai kai ɗaya gefen ba, amma kafin hantsi ya dubi ludayi dangin Hajiya Ungulu sun share wurin tas. Shi ya sa baƙi ke yaba wa Tudun Kanya da tsabta.

A unguwar gabas akwai wata bushiya mai suna Tasalla, wadda ita da mijinta Mati suke noman yakuwa da alayyafo a fadama. Wata ranar kasuwa suna dawowa, Mati na gaba da kwando a ka, sai ga tirelar Ɓauna ta kunno kai. Da gudu ya yi, da wataƙila ya sha. Amma bushiya in ta tsorata dunƙulewa take yi, haka iyayensa suka koya masa, haka kuma ya yi a tsakiyar kwalta. Tasalla na tsaye a bakin titi tana kallo. Da motar ta wuce, ba ta samu abin binnewa ba sai 'yan ƙayoyinsa da suka maƙale a kwalta, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zani. Ya bar mata 'ya'ya mata uku, babu wadda ta isa ɗaukar tulu.

Bayan ta fita takaba, maƙwabcinta Cindo, wani kurege mai dakon tumatir a keke, ya zo yi mata sannu. Shi ma titin ya taɓa cinye masa rabin wutsiya.

"Yaya Tasalla," in ji shi, "ranar Alhamis majalisa za ta zauna. Ni in na yi magana cewa za a yi kurege ne, surutu ya yi masa yawa. Ke kuwa mijinki aka kashe. Wataƙila su ji kunya."

"Kana ganin suna da ita?"

"Ban sani ba. Amma ba mu taɓa gwadawa ba."

Ranar Alhamis ta tsaya a gaban kuka, tana magana ƙasa-ƙasa, har sai da Dila ya ce ta ɗaga murya domin shugaba yana da nisa da ƙasa.

"Allah ya ja zamanin shugaba," ta ce. "Ban zo neman a hukunta kowa ba. Ban zo neman a rushe titi ba, mun san naku ne. Abin da muke roƙo siririyar hanya ce, faɗin da keke zai bi, ta tashi daga unguwarmu ta kai mu rafi ba tare da mun shiga ƙarƙashin taya ba. Mu za mu yi aikin da hannunmu. Izini kawai muke nema, ranka ya daɗe, da inda za mu bi."

Ɓauna ta miƙe, ta gyara tsayuwa. "Ya shugaba, ya 'yan majalisa, na ji zafin rasuwar wannan bawan Allah fiye da kowa, domin a tayata abin ya faru, kuma sai da aka wanke ta sau biyu. Amma a yi adalci. Titi don tafiya aka yi shi. Wanda ya zo tsakiyarsa ya kwanta, shi ya saɓa wa titi, ba titi ya saɓa masa ba."

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai Hajiya Ungulu ta sauko daga reshe, ta share ƙwalla da gefen fiffike. "Babu wanda ya san wannan masifa kamar zuriyata," ta ce. "Mu ke fara isa wurin, mu ke barinsa a ƙarshe. Mun san waɗannan bayin Allah ciki da waje. Ina goyon bayan wannan baiwar Allah, kuma a shirye nake in sadaukar da lokacina."

Toron Giwa ya lumshe ido, domin an san shi da zurfin tunani, wasu kuma na cewa gyangyaɗi ne. Daga nan ya yanke hukunci: za a yi Hanyar Masu Ƙafa da Keke, Hajiya Ungulu za ta shugabanci kwamitin, Dila zai auna. Talakawa suka yi guɗa. Tasalla ta koma gida tana kuka, ta ce wa 'ya'yanta jinin ubansu bai zuba a banza ba.

Aka kafa aikin gayya. Wata biyu cur ƙananan dabbobi suna fasa dutse, suna ɗebo jan burji a ka, suna daɓewa. Tasalla ta bar yakuwarta ta bushe a fadama saboda kada a ce wadda ta roƙi hanya ba ta zo aiki ba. Dila na gaba da igiyar awo yana kafa turaku, su kuma suna bi. Tun a mako na biyu ta lura turakun sun karkata arewa, sun nufi lambun Toron Giwa.

"Ranka ya daɗe, rafi ai yana can," ta ce masa, tana nuni da yamma.

"Ke kika yi karatun awo ko ni?" in ji Dila. "Hanyar zamani ba ta tafiya a miƙe."

Ranar da aka gama, sai ga hanya kyakkyawa, an dasa mata darbejiya gefe da gefe. Ta tashi daga ƙofar lambun shugaba, ta zagaye lambun, ta dawo ƙofar lambun. Da la'asar matan manya kan fito su taka ta don rage teɓa, 'ya'yansu na zagayawa a sabbin kekuna. Rafi kuwa yana nan inda yake, titi na tsakani.

Washegari aka yi shela. Tunda majalisa ta yi wa masu ƙafa hanyarsu, daga yau duk wanda aka gani da ƙafa ko keke a kan Titin Manya mai laifi ne. Wanda mota ta taka, ganganci ya yi. Wanda bai mutu ba, Kura za ta tafi da shi ofis ta yi masa tambayoyi. Ba a taɓa ganin wanda ya dawo daga tambayoyin Kura ba.

Unguwar gabas ta shiga halin da ba ta taɓa gani ba. Masu ƙarfin hali suna satar tsallakawa, titi na cin wasu, Kura na cin wasu. Sauran suka koma shan ruwan wani kududdufi mai gansakuka a bayan gari. Autar Tasalla ta kamu da gudawa, ta rame har ƙayoyinta suka fara zuba. Tasalla ta zauna da ita a cinya tana jin maƙwabta na wucewa ba sa yi mata sannu. Wata ɓera ma sai da ta tsaya a ƙofa ta ce, "Da kin yi shiru, da yanzu mota kaɗai muke tsoro."

Da abin ya ishe ta, ta tafi wurin wani tsohon burgu, Baba Jatau, wanda ya yi shekara talatin yana haƙa rijiyoyi kafin ƙugunsa ya gaza. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ni na jawo wa jama'a wannan. Ba ni da bakin da zan sake roƙon kowa. Sun hana mu saman titi. Ƙarƙashinsa fa, sun hana?"

Tsohon ya ce, "'Yar nan, shelar ba ta ambaci ƙasa ba. Ba su san akwai wani abu a ƙarƙashin ƙafarsu ba. Amma ni na tsufa. Zan nuna inda za a sara, hannu kuwa sai naku."

Suka fara daga bayan ɗakinta, su biyar. Cikin mako guda suka zama hamsin, har da ɓerar nan, wadda ta zo da kwandonta ba tare da ta dubi idon Tasalla ba. Cindo ya riƙa kwashe ƙasar a buhu a bayan kekensa yana zubarwa a gonaki. Idan babbar mota ta bi ta sama, rufin ramin ya girgiza, ƙasa ta zubo musu a ka, su tsaya cik har ƙarar ta wuce, su ci gaba. Faratan Tasalla suka kakkarye, ta koma tono da tsinken ƙarfe. Rana ta arba'in Baba Jatau ya sa hanci a bango ya ce yana jin ƙamshin laka. Aka sara sau uku, haske ya shigo, ga rafi yana sheƙi a gabansu. Ba wanda ya yi guɗa. Tasalla ta cika tulu ta juya da gudu, ta ba autarta ruwa mai kyau na farko cikin wata uku.

Damina guda suka samu. Ramin na da faɗin da za a tura keke, masu zuwa a dama, masu dawowa a hagu. Yarinyar ta warke. Yakuwa ta sake tofo. Titi ya wayi gari babu ko ɗigon jini.

Dangin Hajiya Ungulu ne suka fara ramewa. Ta kira taron gaggawa, ta tsaya a gaban majalisa wuyanta duk jijiya. "Ya shugaba, an yi wa doka zagon ƙasa, kuma a zahiri ƙasa aka haƙa. Talakawa sun yi hanya ba kwamiti, ba awo, ba bikin buɗewa. In aka bar wannan, gobe za su ce ba sa bukatar majalisa."

Ɓauna ta ce a cike ramin da kankare. Dila ya yi murmushi ya nemi izinin magana. "Allah ya taimaki shugaba, in muka cike, za su haƙa wani inda ba mu sani ba. Wannan kuwa mun san bakinsa, mun san ƙarshensa. Abin da jama'a suka ƙaunata ba a rushe shi. Karɓarsa ake yi, a kula musu da shi."

Haka aka yi. Aka kafa allo mai sunan Toron Giwa a bakin ramin, aka yanka ƙyalle, aka yi jawabai kan hangen nesan majalisa. Aka ja waya mai ƙaya gefen titi biyu, daga farkon gari har ƙarshensa, domin kare rayuka. Sannan, saboda ramin yana da duhu kuma ana tsoron ɓata-gari, aka naɗa Kumurci, wani ƙaton maciji, mai gadi, aka ba shi ɗaki a tsakiyar ramin. Aka kuma ba dangin Hajiya Ungulu, shugabar kwamiti, aikin kwashe duk abin da mai gadi ya fitar.

A makon farko mutum biyu suka shiga ba su fito ba. A na uku, aka tarar da keken Cindo jingine a bakin ramin ta yamma, kwandon tumatir na ɗaure a baya, ko ɗaya bai zube ba. Baba Jatau ya tara matasa su fara wani ramin a ɓoye. Kwana biyu da farawa Kura ta zo ta tafi da shi ofis.

Tasalla ta koma gindin kuka. Wannan karon ba ta durƙusa ba, kuma ba sai da aka ce ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, mai gadinku yana cinye mu."

Dila ya buɗe takarda ya karanta wa majalisa cewa tun da aka buɗe ramin ba a samu gawa ko ɗaya a kan Titin Manya ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin garin. Aka yi tafi. Toron Giwa ya sunkuyo, ya neme ta da ido har ya gano ta.

"Baiwar Allah," ya ce cikin taushin murya, "ba ke ce kika zo nan kika roƙi hanya ɗaya ba? An ba ki biyu. Ban taɓa ganin wanda majalisa ta yi wa abin da ta yi miki ba. Ki je ki gode wa Allah."

Washegari da safe tulun gidan babu ko ɗigo. Tasalla ta dubi 'ya'yanta uku, ta ce wa babbar in rana ta take ba ta dawo ba, ta kai ƙannenta gidan ɓera. Ta ɗauki tulu ta fita. A bakin ramin ta tarar da layi ya yi tsawo, zomaye da kwaɗi da 'yan kuregu, kowa da abin ɗibar ruwansa, ba mai magana da wani. Daga cikin duhu muryar Kumurci ke fitowa, a natse, cike da ladabi.

"Sannunku da zuwa. A hankali, kada a yi turereniya. Ɗaya bayan ɗaya."

Layin ya matsa gaba. Tasalla ta gyara gammonta, ta matsa.