Dodon Da Ke Gyaran Murya

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na zama dodo ba, alhali ina tsakiyar neman kujerar mataimakin shugaban makaranta.

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Rayfield a Jos, irin wadda ake sauke yara a mota har a riƙe musu jaka. Gidana kuwa yana Dutse Uku. A shekarar, mataimakin shugabanmu ya yi ritaya, mai makarantar kuma, wata Bayarabiya da muke kira Madam, ta nuna ni take dubawa. Sharaɗinta ɗaya ne: a taron iyaye na ƙarshen zango in yi jawabi kan illar finafinan da yara ke kallo a waya. In iyaye suka ga kamala a tare da ni, kujera tawa ce. Na amsa ba tare da wani tunani ba, domin kamala ita kaɗai ce kadarar da na mallaka (ba mota, ba fili).

Sai dai ina da wata ɗabi'a da sanyin Jos ya bar mini. Kafin in buɗe baki sai na yi gyaran murya, gajere-gajere, sannan wani dogo mai gangarowa kamar ana jan benci a kan siminti. Ni ban ma san ina yi ba. Ɗalibaina kuwa sun san shi fiye da ƙararrawar makaranta.

Watanni kafin nan na leƙa wurin Sadisu, abokina tun firamare, wanda ke fassara finafinan waje zuwa Hausa a bayan shagon wani tela a unguwar Congo-Russia. Ɗakin aikinsa ba taga, an manne bangon da tsohuwar katifa da kwalin ƙwai don kada ƙarar kekunan ɗinki ta shigo. Na same shi a kan wani fim: wasu mutum-mutumin ƙarfe masu tsawon bene, da matuƙa a cikinsu, suna dambe da dodannin da ke fitowa daga teku suna tattake birane. Na tsaya a bayansa na yi masa darasi kyauta, cewa halitta mai wannan girman ƙasusuwan ƙafarta ba za su ɗauke ta ba, tana taku ɗaya za ta zube.

"Malam, ƙashi bai dame ni ba," in ji shi. "Murya ce matsalata."

Ya bayyana mini cewa duk inda zai ɗora Hausa dole ya danne sautin asali, to a wuraren da mutane ke ihu dodo kuma yana ruri lokaci guda, sai dodon ya koma bebe, yana ta hangame baki a banza. Ranar kuma mura ta shaƙe ni, muryata kamar ta tsohon injin niƙa. Ya dube ni irin kallon da mahauci ke yi wa sa. Ya ce in yi masa rurin dodon, ya rantse ba wanda zai gane, kwamfuta za ta ja muryar ta yi ƙasa da ita har uwata ba za ta shaida ba.

Na yi. Kuma tunda gaskiya muke faɗa, na ji daɗi. Duk tsawar da na haɗiye a gaban 'ya'yan masu hali tsawon shekaru, ranar ta samu ƙofa.

Da ya kunna mini in ji, sai aka ɗauke wuta. Rana tsaka ce a waje, amma ɗakin ya yi duhu ƙirin, allon kwamfutar kaɗai ke haske, kekunan tela duk suka tsaya. A cikin wannan shirun abin ya fito. Ba muryar mutum ba ce. Ta yi kama da abin da zai taso daga ƙasan tsofaffin kududdufan haƙar kuza, waɗanda aka hana mu zuwa muna yara, masu koren ruwan da ba ya motsi. Na ɗauki hulata na yi masa sallama, na kuma yanke shawarar mantawa.

Cikin watan Yuli abubuwa suka fara canzawa. Wata safiya gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsun unguwarmu, ba ka ganin wanda ke gabanka sai ka kusa karo da shi. Ina tafiya neman keke-napep, sai na ji wani sauti daga bayan wata katanga, can ƙasa-ƙasa. Na tsaya. Ya yanke. Na ci gaba, sai ga shi daga wani gidan, a ɗaya hannun. Ban gane shi ba, amma jikina ya gane shi, kamar ka ga fuskar mamacinku a jikin baƙo a kasuwa.

Daga nan mata masu ɗibar ruwa a famfo suka fara yin tsit idan na gaishe su. Wani mai keke, da na buɗe baki zan gaya masa inda zan sauka, ya zuba mini ido ta madubi har muka kusa faɗawa kwalbati, ya sauke ni leɓensa yana motsi. A aji kuwa, ina shiga in shirya magana sai ɗakin ya mutu. Ba motsin kujera, ba tari. Idanu kawai. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga littafinta a hankali ta kifa a ka.

Mai hankali zai tsorata. Ni sai na fassara abin da cewa kwarjinin mulki ne ya fara sauka tun kafin kujerar ta iso. Har na gaya wa matata haka. Sai ta ce in riƙa shan zuma da citta. (Ashe ta riga ta kalli fim ɗin a wayar ƙanwarta, tana dai lissafin yadda za ta ci gaba da zama da ni.)

Ranar taro aka wayi gari da ruwa. Zauren ya yi duhu-duhu, ruwa yana dukan kwano, tagogi duk a rufe. Madam ta yi hayar wasu manyan lasifiku na gidan biki, irin waɗanda ke sa ƙirji ya girgiza. Iyaye suka cika gaba da manyan riguna da ƙamshin turare, ɗalibai suna baya. Madam ta gabatar da ni a matsayin malamin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na hau da takarduna, na matso da makirfo bakina, na yi abin da na saba.

Lasifikun nan suka karɓe shi suka yi ƙasa da shi. Gilasan tagogi suka amsa.

Zauren ya yi shiru, irin shirun da ban taɓa ji a taron da ke da mata da yara ba. Har ruwan kamar ya saurara. Sai daga can baya, cikin duhun, na fara jin dim. Aka ɗan jira. Dim. Ɗalibai ne ke buga ƙafa a ƙasa, tare, a hankali, ba wanda ke dariya. Daga baya na san cewa a fim ɗin, duk sanda dodo ya yi haka, takun mutum-mutumin ƙarfe ne ke biyowa. A lokacin dai abin da na sani shi ne wani abu mai nauyi yana tahowa wurina.

A layin gaba akwai wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin ɗalibaina, da carbi a hannu. Ta karkato kunne.

"Ɗan nan, sake yi mu ji."

Na zaci ji ne ya yi mata nauyi. Na sake.

Ta taɓa ta kusa da ita ta ce wallahi shi ne. Sannan ta dube ni da tausayi na gaske, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji:

"Sannu, bawan Allah. Ni dai ban ji daɗin yadda suka taru a kanka ba, kai kaɗai. Ya hannun da suka sare?"

A nan ne tarbiyya ta kashe ni. An raine ni a kan cewa babba ba ya gaishe ka ka yi shiru. Kafin ƙwaƙwalwata ta iso wurin, bakina ya riga ya rusuna, a cikin makirfo:

"Da sauƙi, Hajiya."

Abin da ya biyo baya ba sai na zana ba. Wani Alhaji ya sauko daga kujera yana riƙe da ciki. Wani uba ya miƙa wa Madam wayarsa, na tsaya a kan dandamali ina kallonta tana kallona ina cinye gada. A nan na ga abin da Sadisu ya yi: bai yanke gyaran muryar ba, domin ya dace da yadda maƙogwaron dodon ke kumbura. Wato a duk wayoyin garin Jos akwai wata halitta da ke fitowa daga teku, ta tsaya a gaban birni, ta yi gyaran murya kamar za ta kira sunayen 'yan aji, sannan ta rushe shi.

Na karanta jawabin duk da haka, tunda ban san hanyar sauka ba. Jimlar farko cewa take irin waɗannan finafinai aikin marasa aikin yi ne.

Washegari Madam ta kira ni ofis. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, Allah ya saka mata. Ta ce ba ta ce na yi laifi ba, amma ba ta ga yadda uba zai kawo ƙarar ɗansa gaban mutumin da yake so ya roƙa ya yi masa ruri ba. Kujerar ta tafi wurin malamin lissafi, mutumin da ko matarsa ba ta tabbatar da yadda muryarsa take ba.

Na je Congo-Russia da niyyar faɗa. Sadisu ya saurare ni har na gama, ya ba ni haƙuri, sannan ya ce akwai kashi na biyu, kuma a ciki dodon yana da uwa, ko zan yi wa matata magana.

Darasin da na ɗauka ba shi da zurfi, amma na saye shi da kujera guda. In ka ga mutane suna yin tsit idan ka shigo, kada ka yi saurin ɗinka babbar riga. Koma gida ka zaunar da matarka, ka tambaye ta me gari ya sani.